Ƙwai dubu, uwa ɗaya: lissafin da ya kamata a yi kan kunkurun teku

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe a Arewa, wata halitta mai nauyin bijimi takan fito daga tekun Atlantika da tsakar dare, ta ja ciki a kan yashin gaɓar Gabon, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kamar tamanin, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta waiwayar ƙwan har abada. Bayan kwana tara ko goma za ta sake fitowa ta haƙa wani ramin, haka har sau biyar ko bakwai, sannan ta ɓace shekara biyu ko uku. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa matan da ke ƙwai a gaɓar Gabon sun kai tsakanin 15,000 da 41,000, adadin da ya sa ƙasar ta zama matattara mafi girma a duniya ga wannan jinsi. Wasu daga cikinsu kan fito a gaɓar Najeriya, daga Legas har zuwa Akassa a jihar Bayelsa.

Bahaushe ya san kunkuru na tudu, ya kuma san kififfiya ta kogi mai laushin baya. Wannan na teku ya fi kama da kififfiya, sai dai girmansa ya wuce misali. Masana na kiransa Dermochelys coriacea, mu kuma bari mu ce masa mai bayan fata, domin shi kaɗai ne cikin jinsuna bakwai na kunkurun teku da ba shi da ƙwarya mai tauri. Bayansa fata ce mai kauri da maiƙo, an shimfiɗa ta a kan dubban ƙananan ƙasusuwa, da tudu bakwai da suka miƙe daga wuya zuwa wutsiya kamar kunyoyin gona. Mafi girman da aka taɓa aunawa ruwa ne ya turo gawarsa gaɓar Harlech a yankin Wales na Birtaniya a 1988. Nauyinsa kilo 916, tsawonsa kusan mita uku.

Rashin ƙwaryar nan shi ne sirrin ƙarfinsa. Yakan nutse fiye da mita 1,200 a ƙarƙashin teku, inda nauyin ruwa zai farfasa ƙwarya mai tauri, shi kuwa bayansa sai ya lotsa ya dawo. Wani abin mamakin kuma shi ne zafin jikinsa. Dangin ƙadangare da maciji da kada duk jikinsu na bin zafin wurin da suke, shi ya sa ake ganin ƙadangare yana shan hantsi. Mai bayan fata kuwa yana iya riƙe ɗumin jikinsa sama da na ruwan da yake ciki da maki goma sha, saboda girmansa, da kitsen da ya lulluɓe shi, da yadda jijiyoyin jinin da ke fita zuwa fikafikansa suke manne da masu dawowa, mai ɗumi yana ɗumama mai sanyi kafin ya isa zuciya. Da wannan baiwa yake kiwo har gaɓar Kanada da Norway, inda sauran 'yan uwansa za su sandare. Waɗanda ke ƙwai a Papua ta Indonesiya sukan ƙetare tekun Pasifik gaba ɗaya zuwa Kalifoniya. Cikin matan Gabon da aka liƙa wa na'urar tauraron ɗan adam, an ga wadda ta yi iyo fiye da kilomita 7,500 ta isa ruwan Kudancin Amurka a cikin wata biyar. Duk nisan da suka yi, yankin da aka ƙyanƙyashe su suke komawa su yi ƙwai, kuma gwaje-gwajen Kenneth Lohmann na Jami'ar North Carolina sun nuna cewa kunkurun teku yana jin maganaɗisun ƙasa, yana karanta shi kamar taswira.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a dukan labarinsa: wannan ƙaton jiki da ruwa aka gina shi. Abincinsa wata halitta ce mai siffar lema, jikinta duk yauƙi, wadda Turawa ke kira jelifish. Kashi casa'in da biyar cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Don haka dole ya ci ta da yawa, ɗaruruwan kilo a yini idan ya sami wurin da ta yi dandazo. Maƙogwaronsa cike yake da tsinkaye masu kallon ciki, waɗanda ke riƙe abincin kada ya sulluɓe ya fito yayin da yake furzar da ruwan. Gishirin da ya haɗiya kuwa ta wasu ƙulluttai da ke bayan idanunsa yake fitar da shi, shi ya sa masu ganin uwar tana ƙwai sukan ce kuka take yi.

Wanda zai ce me ya haɗa ɗan Kano ko ɗan Damagaram da dabbar teku, tambayarsa tana kan hanya, kuma amsar farko tana cikin ƙasar Sakkwato. Fiye da shekara miliyan sittin da shida da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau, ya malale yankin da ya zama Sakkwato da Tawa. A duwatsun Dukamaje an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, da sunan Goronyo, da kuma na wani kunkurun ruwa da suka kira Sokotochelys. Wannan kunkurun daga wani reshe dabam yake, bai haifi na tekun yau ba. Amma a lokacin da yake iyo a kan inda gonakin gero suke yanzu, kakannin mai bayan fata suna nan a tekunan duniya. Sun tsallake halakar da ta share manyan dabbobin wancan zamani. Abin da ya same su a cikin shekara saba'in ɗin nan ya fi musu wuya.

Amsa ta biyu ita ce leda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga an farke tumbin saniya an zaro curin baƙar leda ya riga ya fahimci rabin matsalar. Leda mai yawo a ruwa kamanninta ɗaya da jelifish, kuma tsinkayen maƙogwaron da ke hana abinci fitowa su ne ke hana ledar fitowa. A 2009 Nicholas Mrosovsky da abokan aikinsa sun tattara bayanan gawarwaki 408 da aka feɗe daga 1885 zuwa 2007, suka tarar da roba a cikin kusan ɗaya bisa uku, kuma ba a fara ganinta ba sai a 1968. Kogin Kaduna da gulbin Rima da na Sakkwato duk a Kwara suke zubawa, Kwara kuma a teku. Wani bincike na 2017 ya saka Kwara cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Sai dai gaskiya ta fi haka sarƙaƙiya. Wani binciken na 2021 ya nuna ƙananan koguna da magudanan biranen bakin teku sun fi yin ɓarnar. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro kuma suna tare wani kaso a hanya. Ledar Kano ma ba ta nufi teku ba, ta kogin Haɗeja take bi ta nufi tafkin Chadi, idan ba ta riga ta toshe kwata ko ta kashe akuya ba. Muna da dalilai ɗari na yaƙar leda a gida tun kafin a zo kan kunkuru.

A nan ne nake raba hanya da yawancin masu fafutukar muhalli na shafukan sada zumunta. Leda ta zama fuskar matsalar ne saboda tana da sauƙin ɗauka a hoto, kuma tana ba kowa damar jin ya yi wani abu idan ya ƙi karɓarta a kanti. Haka bikin sakin 'ya'yan kunkuru a bakin teku, wanda manyan baƙi ke halarta ana tafi. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Amma idan kuɗin da za a kashe kaɗan ne, kuma kullum kaɗan ne, to lissafin rayuwar dabbar ne ya kamata ya nuna inda za a zuba su.

Lissafin kuwa ga shi. Ƙwan yakan yi kamar kwana sittin a cikin yashi. 'Ya'yan su fito da dare, kowanne bai cika tafin hannu ba, su ruga ruwa. Ƙaguwa ta ɗauki nata, tsuntsaye su ɗauki nasu, kifaye na jira a ciki. Ƙiyasin da aka saba ambata shi ne ɗaya cikin dubu ke kai wa girma. Wadda ta kai kuwa sai ta shekara goma sha, a wasu jinsunan ashirin ko talatin, kafin ta yi ƙwan farko, daga nan kuma ta ci gaba da yi shekara da shekaru. Mutuwar jarirai da yawa tana cikin tsarin halittar tun asali. Abin da tsarin bai tanada ba shi ne mutuwar uwa. A 1987 Deborah Crouse da Larry Crowder da Hal Caswell sun yi wannan lissafi a kan jinsin mai babban kai na gaɓar Amurka, suka gano cewa ko da an ceci kowane ƙwai ɗari bisa ɗari, jinsin zai ci gaba da raguwa muddin matasa da manya na mutuwa a taru. Makiyayi bai buƙatar jami'a ta gaya masa wannan. Yakan sayar da nono kullum, yakan sayar da ɗan maraƙi idan ta matsa, amma ranar da ka ga ya kai karsana kasuwa, ka san garken ya kama hanyar ƙarewa.

Me ke kashe uwar? Kunkuru da huhu yake numfashi kamar ni da kai. Idan jirgin kamun jatan lande ya ja tarunsa a ƙarƙashin ruwa awa biyu ko uku da kunkuru a ciki, nutsewa zai yi ya mutu. Haka tarun da ake kafawa a bari ya kwana, haka mamarin manyan jiragen ruwa mai tsawon kilomita da yawa da dubban ƙugiyoyi, wanda igiyarsa ke naɗe fikafikan mai bayan fata. A gabashin Pasifik, waɗanda ke ƙwai a Meziko da Kosta Rika sun ragu da fiye da kashi casa'in cikin ɗari tun daga shekarun 1980, kuma ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari ta saka su a matakin da ke dab da ƙarewa.

Maganin tarun jatan lande ba shi da wuyar ganewa. Wani ƙarfe ne mai sanduna kamar na taga, ana ɗinka shi a karkace a wuyan tarun. Jatan lande ya wuce ta tsakanin sandunan, kunkuru ya bugi ƙarfen ya zame ta wata ƙofa ya fita. A 1989 Amurka ta yi dokar hana shigo da jatan lande daga ƙasar da jiragenta ba sa amfani da irin wannan kariya. Indiya da Pakistan da Malesiya da Tailan suka kai ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya, aka yanke hukunci a 1998 cewa Amurka na da ikon kare dabbar amma ta nuna bambanci wajen aiwatarwa, ta gyara, dokar ta tsaya. Najeriya na cikin ƙasashen da dokar ta shafa, domin jiragenta na kamun jatan lande don fitarwa waje. Abin lura a nan shi ne kasuwa ce ta tilasta wa masu jirage. Inda mai duba ya juya baya kuwa, babu abin da ya fi sauƙi kamar a ɗinke ƙofar a tsakiyar teku. Albashin mai duban da man jirgin sintirinsa sun fi kowane biki amfani ga kunkuru, amma ba wanda ke ɗaukar hotonsu.

Kada a fahimce ni da cewa ƙwai ba shi da muhimmanci. Rantau Abang a jihar Terengganu ta Malesiya ta isa shaida. A shekarun 1950 ana samun ramukan ƙwai kusan 10,000 a shekara a wannan gaɓa, masu yawon buɗe ido na tururuwa. Ana kwashe kusan dukan ƙwan ana sayarwa da lasisin hukuma. Shekara da shekaru ba a ga illa ba, domin tsofaffin matan na ci gaba da fitowa. Da suka ƙare babu 'yan baya, sai adadin ya rufta, zuwa farkon shekarun 2000 ana ƙirga ramukan da yatsun hannu. Wannan shi ne cin iri: rumbu na cike, ana ƙoshi, sai damina ta faɗi a nemi abin shukawa a rasa. Jinkirin nan tsakanin laifi da sakamako shi ne abin da ya fi ba ni tsoro game da gaɓar Afirka ta Yamma. Ganin uwaye na fitowa a bana ba hujja ba ce cewa lafiya ake. Abin da muke gani yau sakamakon abin da aka yi wa ƙwan shekara ashirin da suka wuce ne.

Malesiya ta koya wa duniya wani darasin kuma. An yi ƙoƙarin ceton wani kaso na ƙwan ta hanyar kwashe shi zuwa wuraren ƙyanƙyasa, alhali a lokacin ba a gama sanin cewa zafin yashi ne ke yanke hukuncin namiji ko mace ba. A kusan maki 29 na ma'aunin Salsiyos ana samun rabi da rabi. Sama da haka mata, ƙasa da haka maza. Ƙwan da aka binne a fili mai rana ya ba da kusan mata zalla, wanda aka ajiye a akwati a inuwa ya ba da maza. Yau ɗumamar yanayi na yin wannan gwajin a faɗin duniya. Binciken 2018 a arewacin babban murjanin Ostireliya ya tarar kashi 99 cikin ɗari na matasan koren kunkuru mata ne.

To yaya za a yi da mutumin bakin teku wanda ƙwan nan abincin gidansa ne, kuma kunkuru ɗaya da ya faɗa tarunsa ya yayyaga masa jarin shekara? A nan ra'ayina ba zai yi wa masu son doka tsantsa daɗi ba. Najeriya na da dokar kare dabbobin da ke cikin haɗari tun 1985, an yi mata gyara a 2016, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Abidjan ta 1999 kan kare kunkurun tekun gaɓar Atlantika ta Afirka. Duk da haka masu ceto a Legas har yanzu sukan sayi kunkuru da rai daga hannun masunta su mayar da shi ruwa. Niyyarsu mai kyau ce, amma wanda ya biya kuɗin fansa ya buɗe kasuwa. Gaɓa mai tsawon kilomita 853 ba a tsare ta da 'yan sanda. Mai tsare ta shi ne wanda ke kwana a kanta, kuma ba zai tsare ba sai idan kunkuru mai rai ya fi masa matacce riba.

Akwai inda aka gwada. A Ostional ta Kosta Rika, inda dubban ɗaruruwan wani ƙaramin jinsi ke fitowa lokaci guda har na baya su tone ƙwan na gaba, hukuma ta halatta wa mutanen ƙauyen tun 1987 su kwashi ƙwan farkon fitowar su sayar, su kuma tsare sauran, su share gaɓar. Masana na jayayya a kan tsarin har gobe, kuma ba zai yiwu a kan mai bayan fata ba, wanda ke fitowa ɗai-ɗai. Amma tushen tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kabawa sun daɗe da sanin cewa idan Sarkin Ruwa ya rufe Matan Fada, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, kuma ana bin umarnin ne saboda kowa ya san rabonsa na nan a ranar. A wurare da yawa, daga Brazil zuwa Trinidad, tsofaffin masu kwasar ƙwai ne aka ɗauka aikin sintiri da yi wa baƙi jagora, domin babu wanda ya fi su sanin inda uwa ke fitowa.

Kuma abin yana aiki, wannan shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Jinsin Kemp na tekun Meziko, wanda aka ɗauki fim ɗin kimanin 40,000 ɗinsa a gaɓar Rancho Nuevo a yini guda a 1947, ya faɗo zuwa ramuka 702 kacal a 1985. Da aka haɗa tsaron gaɓa da ƙarfen taru, ramukan suka koma dubbai masu yawa. A watan Oktoba na 2025 IUCN ta cire koren kunkuru daga jerin masu fuskantar haɗari, bayan shekara kusan hamsin ana aiki. Gabon ta ware gandayen ƙasa goma sha uku a 2002, ciki har da Pongara da Mayumba inda mai bayan fata ya fi ƙwai, sannan a 2017 ta keɓe kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ruwanta. Dabbar da aka tsare a Mayumba kuwa ba ta san iyaka ba. Tana iya mutuwa a tarun da ke gaban Bonny.

Amsa ta uku ga ɗan Arewa ke nan, kuma ita ce mai nauyi. Teku na tarayya ne. A 2023 aka kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikinsa, kuma kasafinta sai ya bi ta majalisar da wakilanmu suka fi yawa a ciki. Titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita kusan 700, wanda aka fara a 2024, da kuɗin kowa ake yin sa. An yi ta muhawara kan tsadarsa da gine-ginen da aka rusa, amma ba a cika jin wanda ya tambayi ina zai bi da yashin da ake ƙwai a kai ba. Jaririn kunkuru da ya fito daga rami wajen da ya fi haske yake nufa, domin tun fil azal hasken taurari a kan ruwa ya fi duhun daji. Fitilar titi tana juya shi ya nufi kwalta. Uwa kuma takan fasa fitowa inda haske ya yi yawa, ko inda aka jera duwatsun tare ruwa. Gyaran ba shi da tsada idan an sa shi tun a zane: a ja titin baya a wuraren da aka san ana ƙwai, a sunkuyar da fitilu su kalli tudu, a yi amfani da masu launin ja ko ruwan goro, a hana haƙar yashi daga Oktoba zuwa Afrilu. Amma kafin a san wuraren, sai an biya wasu sun bi gaɓar da ƙafa da asuba, kaka bayan kaka, suna ƙirga sawun da ya yi kama da na tarakta ya fito daga ruwa ya koma. Gabon ta yi wannan ƙirgen har da jirgin sama. Ɗan majalisar da ke zaune a kwamitin muhalli ko na ayyuka, ko daga Daura ya fito ko daga Mubi, yana da ikon ya nemi a kawo masa irin wannan taswirar kafin ya amince da kuɗin sashe na gaba na titin.